Dami Biyun da Kawu Ya Bayar

A shekarar yunwar da ta biyo bayan farar da ta cinye gonakin Nijar ina koyarwa a wata firamare a Gwarzo. Ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba, don haka kowace unguwa da kwamitinta, kowane masallaci da lasifikarsa. Mu ma ba a cikin yalwa muke ba. Albashi ba ya kai mu tsakiyar wata, takin zamani ya gagari talaka, masaƙun Kano kuma sai rufewa suke yi. Amma abin da rediyo ke faɗa game da maƙwabtanmu ya fi ƙarfin namu. An ce mata na tone gidan tururuwa suna kwashe ƙwayar da ta tara. Mun kuma ga wasu da idonmu a kasuwa, sun sayar da dabbobinsu sun gangaro kudu.

Limaminmu ya yi huɗuba a kan haka, aka kafa kwamitin tara hatsi, aka saka ni a ciki. Aikinmu mu bi ƙauyuka da a-kori-kura, mu yi wa mutane bayani, mu karɓi abin da ya samu. Mun je Sabon Birni, mun tsallaka har Dugabau ta ƙasar Kabo. Wani ya ba da kwano ɗaya, wani buhu, wata tsohuwa ta ba da kuka da daddawa ƙulle a tsumma. Tsakiyar damina ce, gero bai fara tumu ba, amma mutane suka yi ƙoƙari.

Da aka ce Kutama za mu, na ji daɗi, domin can ne gidan yayan mahaifiyata. Kawu manomi ne da ake misali da shi. Rumbunansa uku ana hango su tun daga hanya, kuma tun ina yaro ban taɓa zuwa gidan na dawo hannu sake ba. Mun same shi a ƙofar zaure da hantsi, sanye da farar riga. Bayan doguwar gaisuwa, an tambayi damina, an tambayi iyali da gajiya, Liman ya faɗi abin da ya kawo mu.

"Labari ya riga ku zuwa," in ji Kawu. "Ga shi nan na fitar tun jiya."

Dami biyu ne na dawa jingine a cikin zaure, an ɗaure su tsaf. Liman ya yi addu'a, direba ya ɗora su a mota. Na ce su ƙarasa gidan mai gari, ni zan shiga in gaida Inna, matar Kawu. Sai Kawu ya riƙe mini hannu.

"Ba ta jin daɗi. Ka bari sai wani zuwan."

"Ai kuwa shi ya fi dacewa in duba ta, Kawu."

Ya sake ni, na shige.

Tsakar gidan cike yake da mutane, amma shiru kamar an yi rasuwa. Na san 'ya'yan Kawu biyu sun dawo daga Kano da iyalansu bayan an sallame su daga masaƙa, sai dai ban taɓa tsayawa na yi tunanin bakuna nawa ke nan aka ƙara wa tukunya ɗaya ba. Yara na zaune a gindin katanga, ba mai wasa. Inna na bakin murhu tana tuƙi. Da ta gan ni sai ta ja faifai ta rufe tukunyar, amma na riga na gani. Dusa ce, irin wadda muke dama wa awaki, an haɗa da ganyen tafasa.

Na durƙusa na gaishe ta. A gefenta, kan tabarma, akwai jikarta, yarinyar da aka yaye kwanan baya. Na zaci ƙiba ta yi. Da na ɗauke ta na taɓa ƙafarta, sai yatsana ya lotsa, gurbin ya zauna bai ciko ba. Gashinta ya yi ja ya zube. Ba ta yi kuka ba, ba ta ma kalle ni ba.

"Inna, me ke faruwa a gidan nan? Ina hatsin rumbu?"

Ta iza wuta. Sannan ta ce, "Je ka leƙa."

Na jingina tsani na hau na farko, na ɗaga murfin. Ƙaiƙayi ne da kashin ɓera. Na biyu ma haka. A na uku wata kaza ta samu hanya ta ƙasa ta yi ƙwai. Na sauko na tsaya ina kallonsu. An yaɓe rumbunan nan da sabuwar ƙasa a bana, an gyara musu jinka, duk mai wucewa zai rantse cike suke.

Inna ta ba ni labari a hankali, don kada surukanta su ji. Bara ba a samu taki ba, ciyawar wuta-wuta ta cinye dawar. Abin da aka girbe bai kai su ƙarshen bazara ba. An sayar da shanun huɗa, aka bi da awaki. Dami biyun nan su ne na ƙarshe, ta ɓoye su a ɗakinta tana sussuka kaɗan-kaɗan don kunun yara.

"Jiya ya shigo ya ɗauka," in ji ta. "Na ce Malam, yaran nan fa? Ya ce mu muna da tafasa a bayan gida, su can an ce ko ganyen babu."

Na fito na tarar da Kawu a inda na bar shi. Na ce zan je in sauke dawar daga mota.

"Ba za ka sauke ba," ya ce. "Na bayar don Allah, a gaban Liman. Kuma abin da ka gani a cikin gidana, a cikin gidana za ka bar shi."

"Kawu, yarinyar nan za ta mutu."

Ya juya fuskarsa ga bango. Ban taɓa ganin kafaɗunsa sun yi rawa ba sai ranar.

Ban bar maganar a gidan ba. A hanya na ja Liman gefe na faɗa masa. Ya yi ta salati. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne mun zaga gari-gari muna bayanin yunwar wata ƙasa, alhali iyakarmu zaure. Mu maza ne, ba ma shiga gidan kowa, zaure kuwa kowa ya share nasa.

Washegari na ba wata abokiyar aikina labari, Kirista ce 'yar Filato da ta daɗe tana koyarwa a garin. Ba ta yi mamaki kamar ni ba. Ta ce tun farkon damina take ganin ɗalibai na barci a aji kafin ƙarfe tara, wasu na suma a wajen taron safe. Ita ta kawo shawarar mata su shiga cikin gidaje su duba. Ita da matar Liman da mahaifiyata da ungozomar gari suka riƙa shiga gidaje da sunan gaisuwa, suna duba murhu da ƙafafun yara. Abin da suka dawo da shi ya sa kwamiti ya yi zama har aka tashi ba wanda ya iya shan ruwa. Gidan Kawu ba shi ne ya fi muni ba. A wani gida sun tarar an dawo daga binne yaro, ana cewa zazzaɓi ne.

An yi gardama sosai. Wasu suka ce amana ce, da sunan mutanen Nijar aka tara. Liman ya sake hawa mumbari ya faɗa wa jama'a gaskiya ba tare da ya kama sunan kowa ba, ya nemi izini a raba hatsin biyu, rabi ga mabuƙatan gida, kuma a ƙara tarawa. Aka yarda. Mota ta tafi arewa da rabi, har da dawar Kawu, don ya aiko cewa kada a taɓa tasa. Ɗaya rabin kuwa mata suka riƙa kai shi gida-gida a cikin kwanuka, a ƙarƙashin mayafi.

Mahaifiyata ce ta kai na gidan yayanta, ta kuma goyo yarinyar zuwa asibiti. Suka ce tamowa ce. Ta yi jinya mai tsawo, ta tashi, ko da yake ta daɗe ba ta yi tafiya ba.

Kawu ya ci tuwon, bai tambayi inda ya fito ba. Ni kuwa ya daina amsa gaisuwata sai da baki kawai, har aka yi girbi, har aka sake wata damina. Sai ranar sunan ɗana na fari ya zo da kansa a kan keke, ya zauna a cikin dattawa, shi ya yi wa yaron addu'a.