Ranar da Na Tari Taubashina da Turanci

Kafin mutanen Batsari su riga ni, gara in faɗa da bakina: ni ne wawan wannan labari. Ba wanda ya taya ni. Ni kaɗai na yi abina, da hankalina da furfurata.

Shekarun baya ina da aboki wanda kuma taubashina ne, ɗan goggona. Tare muka tashi a Wagini, rana ɗaya aka kai mu firamare. Ni na tsaya a aji huɗu, da na lura ni da alli jininmu bai haɗu ba, na koma buga bulo a Batsari. Shi ya zarce har ya zama ma'aikacin gwamnati, aka yi ta yawo da shi gari gari, daga ƙarshe aka jefa shi can Kudu.

Kun san taubasai. Ni da shi ba mu taɓa yin gaisuwar mutunci ba, tsiya ce sallamarmu. Ya ce ni bawansa ne, in ce goggo ta haifa mana shi ne don ya riƙa share mana gida. Ya ce kaina kamar tulu, in ce ƙafafunsa na zalɓe ne. Har muka yi gemu ba a yanke hukuncin wa ke bawan wa ba.

Ya yi shekara tara bai zo gida ba. Sai ga saƙo cewa bayan wata biyu zai zo Safana ya duba goggo, wadda ta koma can wurin autanta, kuma kwana ɗaya tak zai yi. Na yi murna, amma murnar ba ta daɗe ba tsoro ya shigo. Mutumin da ya saba zama da masu kwat, in ya gan ni da siminti a farce, anya ba zai ji kunyata ba?

A lokacin akwai wani malamin Turanci na sakandare da ke haya a gidana. Na same shi bayan la'asar yana duba littattafan ɗalibai.

"Malam, Turanci nake so, na wata biyu."

"Baba, Gwamna za ka karɓa?"

"Wanda ya fi Gwamna raini."

Ya yi dariya, ya ce wata biyu ba ya isar kowa, amma akwai wata hanya. Ya nuna akwatin buga bulona da ke jingine. Ya ce Turawa suna da jimla mai kama da shi: akwatin ɗaya ne, abin da kake zubawa ne ke sauyawa. Ka fara da kalmar da ke faɗin yadda abu yake, daɗi ne ko wuya ko sauƙi ko farin ciki, sai ka sa ɗan ƙaramin "tu", sai ka kawo aikin. "Ayam hafi tu si yu," na yi farin cikin ganinka. "It is had tu foget," da wuya a manta. "It is izi tu ondastan," da sauƙin ganewa.

Na ce ashe Turanci bulo ne, aka bar ni a aji huɗu a banza.

Na shiga bugawa. Matata ta ajiye mini tuwo, na ce mata, "It is gud tu it." Ta tsaya da buta a hannu ta ce, "Malam, in iska ne ka faɗa tun da wuri a nemo mai ruƙiyya." Na gwada a kan leburorina, suka ce a dai ƙara musu ruwa. Jakin da ke kawo mana yashi ne kaɗai ya saurare ni har ƙarshe bai yi dariya ba. Kafin ranar na tara jimla goma sha biyu a takarda, na ninke na soke cikin hula.

Na hau babur zuwa Safana da hantsi. Na tarar da zaure cike da 'yan'uwa, shi yana tsakiya a kan tabarma. Ya rame, gemu ya yi fari. Yana hango ni ya miƙe, fuskarsa ta washe kamar ta yaro.

"Ga bawana nan. Shekara tara na bar ka kana kiwon kanka, ina fata ba ka lalace ba. Tulun nan har yanzu bai fashe ba?"

Amsar tana bakina, ta zalɓe, wallahi har ta taso. Na danne ta. Na gyara tsayuwa, na miƙa masa hannu ɗaya kamar a ofis.

"Ayam hafi tu si yu."

Zaure ya ɗauki dariya, shi ma ya yi, yana zaton sabuwar tsiya ce na ƙirƙiro. Ya sake tsokanata, ya ce ko uwar 'ya'yana ta gaji da ni ta gudu. Na ce masa, "Ayam gilad tu bi hiya." Goggo ta leƙo daga cikin gida ta ce, "Wai Bature kuka yi baƙo ba ku faɗa mini in dafa shayi ba?"

A jimla ta huɗu ya daina dariya. Ya dube ni ya ɗan jima. Daga nan ya amsa mini da Turanci, irin na gaske, mai gudu, cikin ladabi, yadda ake yi wa baƙon da ba a sani ba. Ban kama ko kalma ɗaya ba. Na gyaɗa kai na ce masa da Turancina wai da sauƙin ganewa. Ya juya wurin sauran 'yan'uwa ya ci gaba da hira da Hausa, suna ta sheƙa dariya kan wanda jaki ya kayar a kasuwar Batsari. Aka kawo dambu da fura. A da, sai ya janye kwanon daga gabana ya ce bawa ba ya ci da ubangidansa. Ran nan turo mini ya yi, har da cewa bismilla.

Na zauna kusa da shi tun hantsi har la'asar, gwiwata tana taɓa tasa, ina ji kamar yana Kudu har yanzu. Jimlolina sun ƙare, girman kai kuma ya hana ni komawa Hausa.

Bai sake zuwa gida da ƙafarsa ba. Mun yi waya bayan haka, mun zagi juna yadda ya kamata, amma zagin waya ba ya ƙosarwa. Allah ya yi masa rasuwa a can, Allah ya jiƙansa. Jimlolin nan sha biyu suna nan a kaina, ba wadda ta ɓata, har jikokina na cewa ni ne Baturen gidan. Amma in na ga tsofaffi biyu a bakin masallaci suna yi wa juna tsiya, sai in rage tafiya in saurara. Wuni guda aka ba ni da shi, na kashe shi wajen nuna masa ni ma wani ne.

Da zan bar Safana ranar nan, ya rako ni har inda masu babur ke tsayawa. Ya riƙe hannun rigata, ya yi ƙasa da murya.

"Kai, mi na yi maka? In wani abu aka gaya maka a kaina, faɗa mini tun ina nan."

Nan fa Hausa ta dawo. Na ce ba abin da ya yi mini. Na ce wata biyu na yi ina koyo, don kada ya ga ya wuce ni ya ji kunyar zama da ni.

Ya saki rigar.

"Shekara tara ana yi mini ladabi da Turanci safe da yamma. Na kwana a mota don in zo gida wani ya zage ni, kai kuma ka tafi makaranta."