Lambar Ummi da Katin Shawara

Shekarun baya, bayan an rushe unguwarmu ta Karantina a Jidda mun koma unguwar Waziriyya, mahaifiyata ta daina surutu. Wanda ya san ta ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin mace ce da ko wanke-wanke take yi sai ta sami tukunyar da za ta yi wa faɗa. Maƙwabtan da suka tsufa tare sun watse, gidan da ta haife mu ya zama fili. Sai ta koma zama a bakin taga tana jan carbi, duk abin da ka ce mata amsarta ɗaya ce, "To."

Ummi, haka muke kiranta, tana ƙaramar yarinya aka zo da ita Jidda. Daga Damagaram iyayenta suka taso, suka ratsa Sudan, suka tsallako teku da niyyar Hajji, zama ya kama su. Wata rana muna shan shayi ta ce, kamar ba da ni take ba, "Ni dai ko sau ɗaya in sake taka wancan tsallaken tekun da muka fito kafin a rufe ni."

Jirgin sama ta rantse ba za ta hau ba. Don haka na nemo mana jirgin ruwa na yawon shaƙatawa, mai ɗakunan kwana da gidajen abinci, wanda zai bi ta Jidda ya gangara Mombasa ta ƙasar Kenya ya wuce kudu. Ranar da na gaya mata, sai da ta tashi tsaye. Ta bi tsofaffin ƙawayenta ɗaya bayan ɗaya a waya tana neman yafiya, yadda ta ga iyayenta sun yi. Ta ɗaura guzuri, kuka da daddawa da garin gero, har da ɗan ƙaramin risho.

Na ce, "Ummi, a ciki ake dafawa a ba mu."

Ta ce, "Wa zai dafa miki a tsakiyar ruwa, uwarki ce a can?"

Ni kuwa da nake ji da kaina a harkar takardu, na daidaita iƙama, wato takardar izinin zama, da fasfo da biza ina ta hura hanci, sai kamfanin jirgin suka tambayi katin rigakafin shawara. Ashe ƙasashen da ke gaba ba sa karɓar wanda ya bi ta Kenya sai da shi. Ko a mafarki abin bai zo mini ba.

Muka je asibiti. Ni nan take aka tsira mini allurata. Da aka zo kan Ummi, likitar, wata matashiya mai fara'a, ta dubi shekarunta, ta dubi magungunan ciwon gaɓoɓin da take sha, ta girgiza kai.

"Ma'alesh ya Hajja, ki yi haƙuri, ba zan yi miki ba. A shekarunki, da waɗannan magunguna, allurar kan iya kwantar da mutum. Zan rubuta miki takardar uzuri ta likita."

Ummi ta naɗe hannun rigarta har kafaɗa. Akwai wani tabo a damtsenta da muka taso muna gani.

"Ga katina nan. Nasara ne ya yi mini lamba a Damagaram, da ta agana da ta shawara."

Likitar ta shafa tabon, ta ce, "Wallahi na yarda da ke. Da takardar tana nan, allura ɗaya ta ishe ki har ƙarshen rayuwa. Ina takardar?"

"Gara ta cinye ta tun kafin a haifi uwarki."

Dukanmu muka yi dariya, amma dariyar ba ta canza komai ba. Aka rubuta takardar, aka buga hatimi. Kamfanin suka ce sun karɓa, za ta shiga jirgi, sai dai a Mombasa ba za ta sauka ba. Likitar ma haka ta ba da shawara saboda sauro.

Da muka dawo gida Ummi ta koma bakin tagarta. Ta ce, "A fasa. An rubuta da hatimi cewa na ƙare. In ba zan taka ba, me zai kai ni?" Na lallasa, na yi fushi, na sake lallashi, ta ce, "To." Wannan "to" ɗin ya fi komai ƙona mini rai, domin shi nake son in raba ta da shi.

Bayan 'yan kwanaki na tarar da ita tana sake ɗaure daddawarta. Ba ta ɗago ba ta ce, "Da muka zo, a ƙasan jirgi aka zuba mu, ina ta amai, ko ruwan ban gani ba. Bari in je in gan shi. Yalla, maza ɗauko jaka."

A bakin tasha aka karɓe rishon. Daddawar kuwa ta shiga, kuma duk wanda ya wuce ta ƙofar ɗakinmu ya san ta shiga.

Safiyar da muka iso Mombasa mutane suka yi ta sauka. Na ƙi tafiya, na sa mata safa da riga mai dogon hannu, na bi ta da maganin sauro ina fesawa har ta fara tari.

"Ke 'yar nan, sauro bai kashe ni ba, ke za ki kashe ni."

Na ajiye mata kujera a saman jirgin, inda ake hango gari. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Dubi itatuwa, kuma ba wanda yake ba su ruwa da tiyo." Ina tsaye a bayanta, tausayinta ya cika ni, ga ƙasar a gabanta kuma an hana ta.

Can sai hadari ya haɗo ta bayan gari. Ruwan ya fara sauka a tudu kafin ya iso mu, iska ta kwaso ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ta watso mana. Na kama hannunta zan shigar da ita ciki, ta riƙe ni gam. Ta lumshe ido, ta ja numfashi. Sannan ta naɗe hannun rigar da na sha wahalar sa mata, ta miƙa damtsen mai lambar nan cikin ruwan.

"Haka tsakar gidan kakata yake yi," in ji ta. "Halas, shi ke nan, na iso."

Daga nan bakinta ya buɗe. Ta ba ni labarin ruwan farko da yara ke fita tsirara suna tsalle, da ranar da mai shela ya tara su don lamba ta gartsa wa mai riƙe ta cizo, da akuyar da suka bari a hannun maƙwabta da alkawarin za su dawo bayan Hajji. Har aka kira la'asar a cikin gari ba ta gama ba. Ni ina ta kuka, ita tana yi mini faɗa wai na hana ta ƙarasa zance.

Na daɗe ina jin haushin takardar nan, yanzu kuwa ina yi wa likitar addu'a, domin da ta biye mana wataƙila a gadon asibiti tafiyar za ta ƙare. Har yau in an yi ruwa a Jidda, kowa na fargabar hanya, Ummi sai ta sa in buɗe mata taga. Ta shinshina, ta yatsine fuska, ta ce, "Wannan warin kwalta ne." Sai ta gyara zama ta ɗauko labarin akuyar daga farko, ni kuma ban taɓa ce mata na sha jin sa ba.