Binciken Wakilin Littafina

Har yau in na tuna mutumin nan sai zuciyata ta tafasa. Na gama littafina ne a unguwar Luggere, a shekarun da ’yan gudun hijira suka cika Jimeta, lokacin da nake raba ɗaki da ’yar kawuna wadda ta gudo daga arewacin jiha. Littafin ba na yaƙi ba ne, labarin wata manomiyar shinkafa ne a ƙauyen Mbamba. Da Turanci na rubuta shi, aka kuma ce mini manyan kamfanoni ba sa duba littafi sai ta hannun wakili, wato dillalin marubuta.

Na yi ta lalube a waya har na samo wani a Legas. Na tuntuɓi marubutan da ya jera a shafinsa, kowa yabo kamar an haɗa baki. Na tura masa littafin, ya kira ni da murya mai zaƙi, yana jajanta mana halin da muke ciki. A cikin hirar na ambaci ’yar kawuna da gudun da ta yi.

Da na ba goggona labari, sai ta taɓe baki.

“Ɓingel am, ’yata, a Yola in ana binciken mai neman aure ba a tambayar abokansa. Matar da ta bar gidansa ake nema.”

Na bi maganarta. Da ƙyar na gano wata marubuciya da ta rabu da shi. Ta ce ba ɓarawo ba ne, yana sayar da littafi kuwa, amma duk abin da ka faɗa masa a hira haja ce.

Ba a jima ba ya sake kira. Wai in rage shinkafar, in sa gudun ’yar kawuna a tsakiya, da abin da aka yi mata a hanya, a buga hotonta a ce labarin gaskiya ne. Matar da ko mahaifiyarta ba ta gaya wa abin da ya faru ba! Ni kaɗai ta gaya wa, shi ma sai da na rantse. Na ce masa ba zai yiwu ba. Ya yi dariya, ya ce wa zai sayi shinkafa daga Adamawa alhali ga jini?

Na kashe wayar. Wato mu ba mu da noma, ba mu da dariya, sai gawa. In bai ga hawayenmu ba, ba mu cika mutane ba.

Littafin yana nan, har yau ban samu wakili ba, kuma abin yana ci mini rai. ’Yar kawuna ba ta san an taɓa taya ta kamar haja ba. Ranar da na kashe masa wayar ma, fuskata kawai ta kalla. Ta shimfiɗa tabarma, ta ce in sake karanta mata wurin girbin shinkafar a littafin, in fassara mata a hankali, don shi kaɗai ne labarin da take ji ba ta tuna hanyar gudunta ba.