Dutsen da Na Hau Bayan Rasuwarta

Bayan rasuwar matata na daina shiga mutane. In na taso daga lekol inda nake koyarwa, sai ɗaki. Maƙwabcina a garin Tawa, wani dattijo da ya daɗe a Abzin yana hawan duwatsu da Turawa masu yawon buɗe ido, shi ya gaji da ganina haka. Wata Lahadi ya tsaya da moto, babur ɗinsa, a ƙofar gidana, da buhu ɗaure a baya.

"Mushe, hau mu tafi," in ji shi, don haka ake kiran malamin lekol a wurinmu.

Ban tambayi ina ba. Muka wuce ƙauyen Affala, muka bar hanya, har gindin wani dutse ja mai tsaye kamar bango. Ya zazzage buhun: igiya, ƙugiyoyi, da ɗamarar da ya ɗaura mini a ƙugu.

"Ni zan fara hawa, kai kana sako mini igiya," in ji shi. "In na samu wurin tsayawa na ɗaure, sai in kira ka. Haka za mu yi ta yi har sama."

Hawan farko na yi shi da gwiwa da farce, dutsen yana marmashewa a hannuna. Na iske shi a wani ɗan tudu da bai kai faɗin tabarma ba. Ya ɗaure ni jikin dutsen, ya ci gaba, ya sha kwana, na daina ganinsa.

Nan na tsaya ni kaɗai. Can ƙasa awaki suna kiwo, ƙanana kamar tururuwa. Na dubi ƙullin igiyar da ke ƙuguna, na ga kwance shi ba wuya. Ban ji tsoro ba, kuma rashin tsoron ne ya fi damuna har yau. Sai igiya ta motsa a tafina, muryarsa ta sauko.

"Mushe! Riƙe da kyau, wurin nan ba ya da kirki!"

Na riƙe. Ba don na so rayuwa ba, don dai akwai mutum a ɗaya bakin igiyar.

Da muka kai sama rana ta take. Na ɗauka wani abu zai sauka daga ƙirjina. Fili ne kawai na baƙaƙen duwatsu da ƙaya, ba ko inuwa. Na zauna na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

"Baba, ba abin da ya ragu," na ce.

"Na sani," ya ce, yana naɗe igiya. "Ban ce zai ragu ba."

Muka sauko ta bayan dutsen, ta wata hanyar makiyaya. Washegari yatsuna suka kasa riƙe alli saboda tsamin hawan. Yara suka yi ta kallona, na ce su buɗe littafi su karanta da kansu, na zauna ina duban taga har aka tashi.