Na'urar da Ba Ta Sallama

Kawu mai gyaran rediyo ya shekara talatin gaban teburin da dalma ta ƙone. Mutuwar batir ba ta damunsa, amma na'ura ta ɗauke ba sallama, wannan rashin tarbiyya ne a wurinsa.

Rannan wata tsohuwa ta kawo na'urar kunnenta mai taimaka mata ji. Na'urar takan mutu ana tsakiyar magana, tsohuwar ta daina amsawa, maigidanta ya ce raini ne, har ya daina cin abincinta.

Kawu ya ɗora mita, ya gano wayar da ke auna ƙarfin batir ta saki, ya ɗiga mata dalma.

"Inna, yanzu za ta yi ƙara kafin ta mutu, sai ki ce Baba ya dakata."

"Zai ji ƙarar?"

"Ke kaɗai."

"Madalla. Duk ranar da surutunsa ya ishe ni, ta yi ƙara ke nan."