Buhun da Ake Bar wa Ƙwaro

Shekara talatin da takwas Mai Feshi ya yi yana kashe ƙwari a ma'ajiyar hatsi, kuma bai taɓa raina ko ɗaya ba. Abokan aiki kan yi masa dariya idan ya kara kunne a jikin buhu yana sauraron ɓarnar da ake yi a ciki, amma duk buhun da ya nuna, a farke shi a gani. Da ƙirjinsa ya gaza aka sallame shi, sai ya koma kujerar bakin taga ya yi gum, yana ganin amfaninsa ya ƙare. Matarsa ta ce da ta san haka ritaya take, da rediyo ta aura.

Wata safiya autarsa, mai rubuta labarai, ta ajiye zane a cinyarsa. Labarinta na wani jirgi ne da zai yi shekara ɗari biyu tsakanin taurari, ɗauke da mutane da irin shukarsu, kuma tana neman abin da zai addabe su. Dodo ta zana, mai ƙaho da haƙora.

Ya ce, "Wannan me yake ci?"

"Mutane, Baba."

"In ya cinye su fa? Yunwa ta kashe shi ke nan. Ɗauko wata takardar."

Mako uku suna kan teburin cin abinci, yana faɗa tana rubutawa. Dodon ya koma ƙwaro ƙarami, bai kai kan allura ba. Macen takan huda ƙwayar iri, ta saka ƙwai ɗaya, ta liƙe ramin yadda ido ba zai gani ba. Ba ya shan ruwa, laimar numfashin mutane ta ishe shi. A sanyi ƙwan zai yi shekara ɗari yana barci, ɗumin hannun da ya taɓa buhun ne ke tashinsa. Da ta karanta masa duka, tsigar jikinsa ta tashi, domin rabin dabarun nan ba shi ya ƙirƙira ba, a cikin buhu ya gan su da idonsa.

Auta ta ce, "Saura yadda za a kashe shi. A yi feshi?"

"A rufaffen jirgi? Iskar da za ki fesa ita za su shaƙa. Dubi ƙirjina."

Kwana biyu yana juya abin, har ya ji tsoron ya haɗa halittar da ta fi ƙarfinsa, 'yarsa kuma ta rasa ƙarshen labarinta. A rana ta uku ya faɗa mata abin da bai taɓa faɗa wa shugabansa ba. A kowace ma'ajiya yakan ware buhu ɗaya a lungu mai ɗumi, ya bar bakinsa a buɗe. Ƙwari su taru a can, ya fitar da shi ya ƙone, ya ajiye wani.

"Ban taɓa gamawa da su ba, Auta. Su ma mutanenki ba za su gama ba. Su ba ƙwaron buhunsa, su tsira da sauran."

Sai ta ce ashe jirgin nan ba jarumi yake nema ba, mai sauraron buhu yake nema, ita kuwa ba ta san yadda ake yi ba.

Ya miƙe ya ja ta zuwa kicin, ya durƙusa gaban buhun shinkafar matarsa.

"Riƙe numfashinki tukuna," ya ce. "Yanzu kara kunnen."