Bishiyar Malam Maitama da Butar Inna Hansai

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 9 ga Satumba, 2025, Allah Ya karɓi ran Malam Maitama Rabe, mai allurar barci a wani asibiti a Malumfashi.

Malam, ka ga yadda injiniyoyin gurzar auduga a Funtuwa ke lissafin lalacewar inji tun bai lalace ba, ka ce ai ran mutum ya fi inji. Ka zana bishiya a allon ɗakin tiyata, kowane reshe hanya ce da aiki ke iya ɓaci: janareto ya mutu, jini ya ƙare, iskar numfashi ta yanke. Kowanne da lambarsa, daga abin da ka yi shekaru kana ƙirgawa. Reshen da ya fi kauri kuwa ka rubuta masa "dangi".

Ni na tabbatar maka da shi. Na zo daga Kafur da gwaiwa za a yi mini aiki, aka ce kada in sa komai a baki. Mahaifiyata, Inna Hansai, ta ce ko rago ana ba shi ruwa kafin yanka, balle ɗanta. Ta shigo da fura a sabuwar buta kamar mai shirin alwala. Na shanye tas.

Ka ce, "Awaisu, ka sha wani abu?" Na musa, Allah Ya yafe mini. Ka ce, "Cikin mutum goma da uwa ta rako, bakwai sun sha fura. Taka ma ga ta nan a gemu." Ka ɗage aikin zuwa washegari, ka ƙwace butar. Inna ta kira ka mugu a gaban kowa. Sai da ta gama ka ce idan allura ta kama ni, furar za ta komo ta shiga huhu, gawa za ta mayar Kafur. Duk da haka ba ta ba ka haƙuri ba.

Damina tara na noma tun ranar. Da Inna ta ji kana kwance, ta dama fura ta ce in kai maka. Na iso da ita, na tarar da tabarmi a ƙofar gida. Wallahi na yi kuka.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya ba matarka Hajiya Raudatu da 'ya'ya haƙuri. Inna kuma ta ce jama'a su shaida: ta janye "mugu", ka yafe mata.